Gwangwanin Tumatir

Takarda ɗaya ta ɗauko mu daga Agadas,
hatimi biyu, sunana a ƙasa.
Ni aka yi wa canjin aiki, Almu,
amma kai aka tumɓuke.

Mun shigo Maradi ƙarshen damina,
gero ya fi ka tsawo a bakin hanya.
Ka manna goshi a gilashin mota
kana kallon kore kamar wanda ake yi wa ƙarya.

Shekara goma sha huɗu.
Takalminka ya wuce nawa,
muryarka na tsagewa a tsakiyar gaisuwa,
ga shi an ba ka bencin ƙarshe, jikin taga,
cikin yara tamanin
da suka san juna tun suna cin ƙasa.

Kowace safiya, dala ashirin a bakin murhu.
Kowane maraice: yaya lakwal?
Lahiya.
Kalma ɗaya, kamar ƙofar da aka turo da ƙafa.

Mushe Harisu ya kawo matarsa awon ciki,
ya tsaya yana juya hularsa.
Yaronki na da kai, madam, lissafi ba ya ba shi tsoro.
Sai dai ranar da ya ɗaga hannu ya yi magana
aji ya kwashe da dariya,
wai Hausarsa bisa raƙumi ta taho.
Tun ranar hannun bai sake tashi ba.

Ban ce maka na ji ba.
Na dai ƙara man shanu a tuwonka.

Ran Lahadi ina shara,
tsintsiya ta bugi wani abu ƙarƙashin gadonka.
Gwangwanin tumatir.
Na zazzage bisa zanena, na ƙirga:
dala ashirin sau ashirin da uku,
da makullin tsohon gidanmu
wanda ka rantse ka mayar wa mai gida.

Kwana ashirin da uku
ba ka tsaya wurin mai awara ba,
don mai sayen awara sai ya buɗe baki.
Ko kuɗin mota kake tarawa?
Na zauna a ƙasa na lissafa nawa ne zuwa Agadas,
na ga da sauranka,
na ji daɗi, sannan na ji kunyar daɗin.

Ni mai karɓar haihuwa ce.
Kullum ina faɗa wa sababbin ma'aikata:
ba a jan kai, jira ake, hannu a buɗe.
Sai na zo gida na ga hannuna na rawa.

Daren da wuta ta ɗauke, muna tsakar gida,
ba ka ganin fuskata, shi ya ba ni baki.
Na ce, ni ma bayan ɗakin magani nake cin shinkafata,
ni da wata mage mai ido ɗaya.
Ba ka ce komai ba.
Can sai na ji iskar mafici
ta juyo wajena.

Mako biyu, shiru.
Uku.

Wata Laraba ka wuce magariba.
Na fita bakin titi, na koma, na sake fita,
na gama shirya faɗan da zan yi,
sai ga ka, riga ba maɓalli biyu,
gwiwa a kuje, jar ƙasa har cikin kunne.
Wani dogon yaro bisa keke mara birki
ya ja ƙafa a ƙasa ya yi ihu:
Ɗan raƙumi, gobe ma kai ne gola!
Na dubi bakinka ina jiran ya ɗaure.
Ka ce, Shafi'u ne, na Bagalam, ba shi da hankali.
Haƙoranka duk a waje.

Faɗan nawa ya huce tare da tuwo.

Da safe ka ɗauki kuɗin, ka tsaya,
kana kallon bango, ba ni ba.
Inna, ƙara dala goma.
Shi ba ya ƙoshi.

Makullin na nan cikin gwangwani.
Na gani jiya. Ban taɓa ba.