Taswirar Baba a Dutsen Retezat

Mun bar Deva tun zakara bai gyara murya ba,
mota cike har bakin gilashi:
barguna, tukunya mai kunne ɗaya,
cukun da Mama Otilia ta naɗe a tsohon tawul,
da takalman Baba waɗanda suka girme ni.
Calin, ƙanena, bai ɗauko komai ba
sai wayarsa, da fuskar wanda aka ci bashinsa.

A ƙofar gandun, mai gadi ya leƙo ta taga:
"Kada ku kwana da abinci a waje,
beyar ba ta san baƙo ba."

Baba Horia ya shimfiɗa taswira a kan mota.
Takardar ta yi laushi kamar zanen da ya sha wanki,
ninki ya cinye sunan wani tafki.
Ya ɗora yatsa kan ɗigon fensir:
"Nan ƙanƙara ke kwana har tsakiyar bazara.
Shekara talatin da ɗaya ke nan
na zuba wa uwarku ita a wuyan riga.
Ta zage ni, ta aure ni."
Mama ta ce, "Tsakanin biyun akwai shekara uku."

Muka hau.
Itatuwa masu ganyen allura suka raka mu,
suna gajarta, suna gajarta,
har suka koma iya gwiwa, suka ce nan muka tsaya.
Daga nan sai dutse a kan dutse.
Wata dabba mai kama da gafiya ta yi mana fito
ta shige rami da labarinmu.
Calin na ɗaga waya sama yana laluben sabis,
sama ba ta ba shi ko sanda ɗaya ba.

Sau huɗu Baba ya durƙusa
yana ɗaure igiyar takalmin da ba ta kwance ba.
Na gani. Mama ta gani.
Muka juya muna yaba wa gajimare.

Da rana ta raba tsaka muka kai tafkin Bucura,
ruwa garau, har kana ƙirga tsakuwar ƙasansa,
sanyinsa na cizon haƙori.
Bayansa, inda ɗigon fensir ya yi alkawari,
babu fari ko na farce.
Baƙin dutse ne kawai, da ɗan jiƙo
kamar inda aka ɗauke tulu.

Baba ya juya taswira sama, ya juya ta ƙasa.
Ya ninke ta. Ya zauna.
Mama ta yanka burodi kashi huɗu,
babu wanda ya ce na gode,
babu wanda ya lura kashi ɗaya bai sami hannu ba.

Can sai ga Calin daga bayan duwatsu,
gwiwa a kurje, numfashi guntu-guntu,
hularsa a tafin hannu biyu.
A cikinta ƙanƙara, ba ta fi ƙwan agwagwa ba,
ta yi datti, tana zubar da kanta.
"A wani tsagi na same ta," ya ce,
"inda rana ba ta iya sa hannu."

Baba ya daɗe yana kallonta.
Sannan ya miƙe, ba tare da tuna gwiwarsa ba,
ya zagaya bayan Mama.

Ihun da ta yi, dutse uku suka maimaita.
Zagin kuwa, in ji Baba,
ko wasali bai canza ba.

Da za mu sauka hadari ya taso daga yamma.
Calin ya saɓa jakar Baba a kan tasa,
bai tambaya ba, ba a hana shi ba.
Baba ya bi bayansa, yana taka inda ya taka.

Taswirar tana aljihun teburina yanzu.
Kusa da ɗigon fensir akwai tabo,
shatin jiƙaƙƙen yatsa.
Har yau ban tambayi na wane ne ba.