Sheƙar Gaggafa a Lagdo

Sanyin Lagdo ta yatsu yake fara kama baƙo.
Ni da na saba da hoton fasfo a shagona na Garwa,
"ɗaga haɓa, kar ka ƙifta,"
yau ga ni tsugune a kwalekwalen Tunau,
da aron doguwar kyamara ƙunshe cikin bargo
kamar wanda aka ba riƙon jinjiri.

Tunau ba ya magana sai rana ta fito.
Filafilinsa ke gaisawa da ruwa.
Yana ta cinye masa ido ɗaya,
ɗayan ma ta fara lasa,
amma ya san inda dutse ya nutse,
ya san inda dorina ke kwana da ɗanta,
ya ratse mata hanya, kai a sunkuye,
yadda ake ratse wa suruka.

Ruwa na tururi kamar an sauke tukunya.
Can kan tsibiri, a ƙoƙuwar busasshen maɗaci,
kirare aka jibga, sun kai faɗin gado.
Ita ce a kai. Farin kai, jan ciki,
ta zauna zaman mai gida, ba ta san da ni ba,
ko ta sani, ba ta ga abin ɗaga wuya ba.

Kwana shida ina ɗaukar reshe.
Na ɗauki sama wayam, na ɗauki ƙarshen wutsiya,
na ɗauki birai jere kan fa suna shan hantsi,
tsohonsu ya rungume gwiwa kamar mai jiran bashi.
Kada ya buɗe mini baki kyauta,
zalɓe ya tsaya da ƙafa ɗaya har na gaji da shi.
Ita kuwa, da na sa ido sai ta juya baya,
da na hura hannu sai ta tashi.
Ba a ce wa gaggafa kar ki motsa.

Na ce, ɗa ɗaya ne a sheƙar, na hango kansa.
Tunau ya karkata kunne.
Ya ce biyu ne.
"Babban na tsaga kuka, ƙaramin muryarsa a shaƙe,
sai yayansa ya ƙoshi yake samun baki."
Na yi shiru, na ce a raina,
mai gilashin da ke jawo nesa
ai ba ya musu da mai rabin ido.

Ran na bakwai iska ta kwanta.
Namijin ya zo daga gabas, ƙasa-ƙasa,
ya miƙa ƙafafu, ya mari ruwa,
ya tashi da karfasa tana fisge-fisge,
ɗigon ruwa na bin sa a baya kamar tsinkakken carbi.
Yatsana ya riga ni tunani.
Ƙas. Ƙas. Ƙas.

Na jawo hoton, na ƙara jawowa.
Ga uwa ta yago tsoka,
ga baki a buɗe,
ga wani kuma ƙarƙashin fiffikenta, ɗan mitsitsi,
furfurar gashinsa a jiƙe da raɓa.

Na miƙa wa Tunau ban ce uffan ba.
Ya goge hannu a riga,
ya kai gilashin har ya taɓa hancinsa,
ya daɗe.
Kwalekwale ya juya da mu, bai kula ba.

Ya ce, "Shekara sha ɗaya ina jin ta.
Ashe gashi ɗaya ya karye mata a hagu.
Ita ma ta tsufa."

Da muka kai gaɓa ya ƙi karɓar kuɗin rana.
Ya ce in wanke masa, babba,
yadda ɗan idon da ya saura zai iya ɗauka,
kuma in kawo kafin sanyi ya wuce,
kafin ƙaramin ya koyi tashi.