Barcin Madara

Na dawo daga Indiya da takardar shaida
da wata 'yar kwalba mai zane-zane a jiki,
na iske Goggo Ige a Wamakko
tsugune gaban ƙore bakwai,
tana ɗauraye hannu har gwiwa.

Na ce, Goggo, can inda na yi karatu
ɓauna suke tatsa.
Ta ɗago kai.
"Ɓauna? Irin wadda ta tsage cinyar kakanka a dajin Gundumi?
Wa ka riƙe mata ƙahwa?"

Na ce tasu ta gida ce, baƙa wuluk, mai son taɓo,
yaro ɗan shekara bakwai ke kora ta rafi.
Madararta fara fat, babu rawaya irin tamu,
maiƙonta ya kusa ninka na saniya.
In aka dafa ta, aka bar ta ta huce,
aka ɗiga mata iri,
da safe sai ka ce da wuƙa za a yanka.

Ba ta ce komai ba.
Ta miƙo mini ƙwarya ta uku.

Na zuba a kwalba, na jira, na karanta lamba.
Na ce biyar.
Ta ce, "Biyat ɗin mi?
Wagga ta Bokolo ce, tatsar ƙarshe,
wadda ka hitowa in hantsa ta kusa ƙarewa.
Angurya ta ci da harawa.
Ban buƙatar kwalba, ɗan yatsa ya hwaɗa min."

Daren nan na zauna ina kallo.
Wuta kaɗan, kada gindi ya kama.
Ta sauke, ta jira har ɗumin ya zama na jikin jinjiri,
ta ɗebo cokali guda na kindirmon jiya,
ta juya sau uku, ba ta ƙara ba,
ta kifa faifai, ta lulluɓa tsohon zane,
ta ce mu rage murya,
madara za ta yi barci.

A cikin duhu ta ci gaba:
ta damina yawa gare ta, amma ruwa ce,
ciyawa ɗanya ba ta riƙe ciki.
Ta rani kaɗan ce, ga nauyi.
In ka kwashe afarari ka kaɗa man shanu
abin da ya rage tsala ne,
tsami a gaba, ruwa kwance a sama,
ko ka cika shi da garin kuka
harshe ba ya ruɗewa.
Tana sayar da shi, amma da sunansa,
da kuɗinsa.
Shekara arba'in a bakin kasuwa
ba wanda ya dawo mata da ƙwarya.

Da asuba ta yaye zanen.
Fuska sumul, ba tsaga, ba hawaye a gefe.
Ta soka ludayi a tsakiya ta sake shi.
Ya tsaya.
Na sha. Ya zauna a harshe kamar baƙon da ba ya sauri.
Na mayar da kwalbata aljihu.

Sai da ta ɗora faifai, ta naɗa gammo,
ta kai bakin zaure,
sannan ta juyo, murya ƙasa-ƙasa:
"Haliru, wagga ɓauna taku mai son taɓo,
ga Rima nan, taɓo bai ƙarewa.
Nawa aka saida guda?"