Akwatin Clifford

A ɗakin katako bayan gidana, a Clitheroe,
akwati goma sha bakwai ke jere kan kanta,
babu wanda ya fito daga masana'anta.
Wannan gwangwanin biskit ne, wancan na taba,
kowanne da tabon dalmar mai shi,
kamar rubutun hannu.

Jiya Maureen ta kawo na sha takwas,
naɗe cikin rigar sanyin mijinta.
"Ban san abin da zan yi da shi ba," ta ce,
ta ƙi zama shan shayi.

Na gane shi tun kafin in kwance.
Maɓalli ɗaya tak, na ƙararrawar ƙofa:
danna sau ɗaya, dama; sau biyu, hagu;
saura kuwa sai yadda iska ta ga dama.
Eriyar ta fi Clifford tsawo a lokacin,
batirin ya fi jirgin nauyi.

Shekarar sittin da biyu, kan tudun Pendle,
jirgin ya yi kunnen ƙashi, ya miƙe arewa.
Muka bi shi cikin tumaki da taɓo,
Clifford na dannawa, yana dannawa,
har ɗigon ya narke a gajimare.
Bai yi kuka ba sai a cikin bas.

Da daddare na sa sabon batir.
Allurar ta yi rawa, ta tashi.
Na zura eriya ta taga cikin yayyafi,
na danna sau biyu.
Hagu, Clifford. Ta nan gida yake.