Takarda a Cikin Hular Kwano

Shekara biyu ina raba abinci a titunan São Paulo,
babur tsakanin motoci kamar zare a kafar allura.
A cikin hular kwanona akwai wata takarda mai ninki huɗu,
gumi ya lashe rabin rubutunta,
amma ni na haddace.

Ran Asabar, ana yayyafi, na shiga Santa Ifigênia.
Shago na bakwai a hannun hagu, Dona Nadir,
tabarau a karan hanci, kofi ya huce kusa da kalkuleta.
Na shimfiɗa takardar. Ta bi ta da farce.

"Wannan katin hoton? Jailson, ka ɗebo ta da zafi."
Na ce shi ne ango, don shi aka taru.
Ta ce, "To, angon me zai ci?
Ka narkar da kuɗinka a kansa,
ka zo kan akwatin wuta kana neman na bakin hanya.
Araha ba ta ado.
Ka taɓa zuba gurɓataccen mai a babur ɗinka?"
Na yi shiru. Na taɓa.
Tun daga Mooca na turo shi har gida.

Sai biro ya fara yanka.
Fitilu masu canza launi, ta soke.
Bututun ruwan sanyi, ta soke:
"Babbar fanka ta isa, ba ta yoyo."
Furosesa biyu a kan kanta, na miƙa hannu ga mai tsada,
ta buge min yatsu.
"Wancan na masu haɗa fim ne. Kai wasa za ka yi."
Ram kuwa ta ce biyu-biyu ake saye, kamar takalmi.
Madabod ita ce ƙasa, kowa a kanta zai tsaya,
a duba ko bakinsu ya zo ɗaya da furosesa
kafin a ɗaura auren da ba zai kwana ba.

Wat dubu. Biya sau goma.
Na sa hannu, hannun yana rawa.
Na naɗe kwalayen cikin rigar ruwana,
ni na jiƙe har Itaquera.

Da dare, kan teburin cin abinci,
ƙanwata Gilmara na riƙe da tocila.
Man sanyi, ɗigo ɗaya kamar ƙwayar shinkafa.
Kusa bayan kusa, numfashi a maƙale.
Sai na ɗauko ango,
ashe ya fi ɗakinsa tsawo
da faɗin babban yatsa.

Abu kaɗan! Ban auna ba.
Shekara biyu ina lissafin kuɗi, ban taɓa ɗaukar awo ba.

Ademir mai walda ya sauko da gajeren wando,
ya leƙa, ya yi tsaki, ya kwance wani ƙarfe daga ciki,
ya ce a biya shi da ragowar wake da shinkafa.
Katin ya shige, ƙas.

Na danna.
Shiru.
Na sake dannawa. Gabana ya faɗi.
Na fara ƙirga watanni goman da ke gaba.
Gilmara ta zagaya baya, ta ce,
"Wannan ɗan makunnin fa, na mene ne?"

Fankoki uku suka ja numfashi tare.

Ƙarfe biyu na dare, akwai aiki da safe.
Cikin duk duniyoyin da injin nan zai iya ɗauka,
yaƙi, dodanni, jiragen sama jannati,
na zaɓi babur, da wani titi da ruwa ya wanke.
Kowane ɗigo da hasken fitilarsa.
Ba mai kira, ba agogo, ba miyar da za ta huce a bayana.

Gilmara ta ce, "Taka mana! Tsere ne fa!"
Na bar su duk suka wuce.
Ni a hankali nake tafiya,
ina kallon gari.