Mazaunin Inji

Hondar Baba ta girme ni.
Ita ta kai shi masaƙa a Kakuri shekara ashirin da biyu,
har ranar da aka garƙame ƙofa,
aka ce ma'aikata su tafi, za a neme su.
Ba a neme su ba.
Da ya rasu, ita ce rabona, da hular kwano mai tsaga.

Sai dai rawa take.
Daga Tudun Wada zuwa Kawo
tafin hannuna ya mutu murus,
yatsu su yi tsami kamar na kwana a kansu.
Madubi kuwa, duk abin da ya gani sai ya dama:
tirela, mai rake, ɗan sanda, duk kunu ɗaya.
In na karya kwana a shataletale,
kanta ya ce gabas, gindinta ya ce kudu.

Na kai ta Tsohuwar Panteka, rumfar Tanimu.
Ko tayar da ita bai yi ba.
Ya durƙusa, ya tallabi inji, ya jijjiga.
Ƙwas. Ƙwas.
Ya ce, "Injinka lafiya lau,
wurin zama ne ya rasa.
Kai ma a ɗora ka kan kujera mai ƙafa uku
mu ga natsuwarka."

Ya kwance noti, ya zaro ƙusar gaba.
Ta cinye har ta yi ƙugu kamar kalangu,
ramin da aka huda zagaye ya koma ƙwai.
Can ciki, a naɗe,
guntun gwangwanin madara da wani ya cusa
don ya toshe giɓin.
Na san hannun.
Haka yake yi wa ƙafar tebur.

Tanimu ya zana da alli kan ƙarfe mai kauri,
ya yanko faranti biyu, ya huda, ya goge baki.
Ya sa roba gaba, ya sa roba baya,
mai laushi, sabuwa dal.
Shiru ta yi kamar mai jin nasiha.
Amma a kwanar farko sai ta hau lilo,
sarƙa na dukan murfi, inji na neman hanyarsa daban.
Na dawo ina zufa.
Ya yi dariya. "Gata ya yi mata yawa."

Washegari ya cire ta baya,
ya mayar da ƙarfe inda sarƙa ke ja,
ya bar roba a gaba, mai tauri wannan karon.
Ya ja zare daga haƙoran gaba zuwa na baya,
ya kanne ido ɗaya, ya ƙara washa guda.
Noti kuma bi da bi yake ɗaure su,
ba ya ƙure ɗaya sai ya taɓa 'yan'uwansa.
Sannan ya aza kofin shayinsa kan tanki,
ya buga kik.
Shayin ya yi ɗan murmushi, bai zube ba.

Na hau gada da la'asar, kogi ya kawo ruwa.
Yatsuna goma, duk ina jin su.
Na kwanta a kwana, ta kwanta tare da ni.
Na dubi madubi:
tarwai.
Ga titi, ga fitilu, ga gefen kujerar baya
inda nake zama da wandon makaranta,
kuncina manne da bayan Baba,
rawar nan na bi ta haƙarƙarinsa tana shigo nawa.
Ni a lokacin
na ɗauka haka duk uba yake guɗa daga ciki.

Guntun gwangwanin yana aljihuna.
In ta kai sittin, akwai sauran ɗan kaɗawa a hannun dama,
kaɗan, kamar mai taɓa ka a cikin sahu.
Tanimu ya ce in kawo, aikin minti goma ne.
Wata uku ke nan.