Babban Yatsa

A kotun Tawa, ranar Talata,
aka kira sunan ɗana kamar ana kiran baƙo:
Nomau Alkasum, mai gyaran babur a bakin tasha.
Ya miƙe. Gwiwata ma ta so miƙewa.

Malamin lakwal ne ya fara lura,
yaro sati guda ya ƙi jingina da bango.
Ya ɗaga rigar, ya sauke, bai ce uffan ba.
Bayan la'asar sai ga jandarma biyu a ƙofar gida
da wata mata mai littafi,
tana tambayar Sahabi a hankali, a hankali,
har maƙwabta suka gaji da leƙe.

Takardar likita ta ƙirga abin da na ƙi ƙirgawa:
shatar wayar wuta goma sha ɗaya,
tsohuwar karaya da ta ɗore a karkace.
Na ƙarshen a kan dala ashirin ne,
kuɗin cefane da suka faɗi cikin rairayi.

Alƙali ya ce, me ya sa?
Nomau ya ce, ranka ya daɗe, gyara nake.
Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.
Haka aka yi mini, ga ni na zama mutum.
Bai dube ni ba.
Da ya duba, da ya fi mini sauƙi.

Shekara biyu a gidan kaso, tara jika ɗari.
Zalika, uwar yaron, mai turo ƙofa
ta ƙara muryar rediyo,
wata shida na jan kunne, ba za ta kwana ciki ba,
amma an karɓe riƙo daga hannunta.
Ganin ɗanta sai Juma'a, kuma a gaban wani.

Sai aka ce, ina kakar?
Aka miƙo takarda, aka shafa wa babban yatsana tawada.
Yatsan nan ne ya danne tsumagiya
shekara talatin baya,
ran da Nomau ya bar awaki suka shiga gonar albasa.
Babu mai littafi a lokacin.
Na dangwala.
Ba wanda ya tambayi yatsan komai.

Yanzu Sahabi yana kwana a ɗakina, a Bilbis.
Har yau ruf da ciki yake barci.
Jiya kwanon fura ya suɓuce masa,
kafin kwanon ya gama juyi a ƙasa
ya riga ya rufe kai da hannu biyu.
Hannuna ya tashi, ya san hanyarsa ta da.
Na kama shi da ɗayan, na zauna.
Na ce, bari kaji ma su sha yau.

Gobe Lahadi, ranar kai tuwo kaso.
Zan daka, in tuƙa, in ƙulle a ƙyalle.
Yaron ya ce in gaida Baba,
in ce masa hannun ya daina ciwo.
Ban sani ba ko zan iya faɗa.

Tawadar ta fita tun sati biyu.
Ni dai ina ta goga yatsan a bakin zane.